Yadda Za Ki Sayi Jakar Hannu Mai Tsada a Intanet Ba Tare da An Cuce Ki Ba

Louis Vuitton, Chanel da Hermès, babu ɗaya daga cikinsu da yake da shago na kansa a Najeriya ko a Nijar. Wadda take son jakarsu, ko dai ta jira tafiya Dubai, Landan ko Paris, ko ta ba matafiyi saƙo, ko kuma ta ɗauki waya ta shiga intanet. Hanyar ƙarshen nan ita mata suka fi bi yanzu, musamman idan ana haɗa lefe ko biki ya matso, kuma a cikinta ne aka fi yin kuka. Rahoton da ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta fitar tare da ofishin kare haƙƙin mallaka na Tarayyar Turai ya ƙiyasta cinikin jabun kaya tsakanin ƙasashe a 2019 a kan dala biliyan 464, wato kashi 2.5 cikin ɗari na cinikin duniya, kuma kayan fata suna sahun gaba cikin abin da jami'an kwastan suke kamawa.

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. To amma cinikin intanet duk haka yake, sai dai a san yadda za a yi shi. Abin da ya kamata ya kwantar miki da hankali ba kyan hoto ba ne, ba yawan mabiya ba ne, ba kuma rantsuwar mai kaya ba. Abu biyu ne kawai: hujjar da za ki iya bincikawa da kanki, da hanyar da kuɗinki zai dawo idan hujjar ta zama ƙarya. Duk matakan da ke tafe, waɗannan biyun suke wa hidima.

Mataki na farko: ki san jakar kafin ki san mai sayar da ita

Kada ki shiga neman "jakar Gucci mai kyau". Ki tsayar da suna, girma, irin fata da launi. Masu jabu sun fi jin daɗin wadda ba ta san abin da take nema ba, domin duk abin da aka miƙo mata za ta karɓa.

Ki buɗe shafin kamfanin na ainihi, ki nemo jakar, ki rubuta awonta da farashinta. Lambar da take bin sunan wasu jakunkuna faɗinsu ne da santimita: Speedy 25 da Speedy 30 na Louis Vuitton, ko Birkin 25, 30 da 35 na Hermès. Neverfull ta Louis Vuitton kuwa galibi girma uku take zuwa: PM ƙarama, MM matsakaiciya da GM babba. Ki ɗauko tef ɗin tela ki auna wannan faɗin a kan wata jakarki ta gida, saboda hoto yana ƙara wa ƙaramar jaka girma, kuma da yawa sai kaya sun iso suke gane ko wayarsu ba za ta shiga ba.

Ki san kuma abin da aka yi ta da shi. Jikin jakar Louis Vuitton mai ruwan ƙasa da tambarin LV ba fata ba ne, yadi ne mai kauri da aka yi wa rufi. Fatar tana hannuwa da gefe-gefe, kuma ba a rina ta ba: fara-fara take zuwa, sannan ta riƙa yin duhu zuwa launin zuma da amfani. Idan mai sayarwa ya ce miki jikin jakar fatar saniya ce zalla, bai san kayansa ba, ko kuma ya raina saninki. A wajen Chanel, fatar ɗan rago ta fi laushi amma farce ma yana yi mata tabo. Fatar maraƙi mai gurza-gurza da suke kira caviar ta fi jure wahala. Wannan bambancin yana shafar farashi, yana kuma shafar yadda jakar za ta rayu a hannunki.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Wasu jakunkuna, har da tsofaffin Gucci da dama, an yi musu gefe ko shafi da fatar alade. Ana gane ta da 'yan ramukan gashi da suke zuwa uku-uku a jikinta. Idan wannan ya dame ki, ki tambaya a rubuce tun kafin a fara maganar kuɗi.

Farashin kamfani shi ne ma'auninki. Neverfull matsakaiciya tana kusan dala 2,000 ko sama da haka, Classic matsakaiciya ta Chanel kuwa ta haura dala 10,000 a Amurka tun 2023. Idan aka ce miki ga sabuwa dal a kan kashi ɗaya cikin biyar na wannan, ba sai an ci gaba da bincike ba. Araha ba ta ado. In kuɗinki bai kai ba, shawarata ita ce ki sayi Coach ko Michael Kors ta asali, ko ki nemi jakar fata ta gida mai kyan ɗinki, da ki rataya jabu. Mu ba baƙin fata ba ne. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa danganta ta da Maroko, kuma har yau masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna aika fata Italiya da Sifen. Akwai masu ɗinka jaka a Najeriya da aikinsu ba ya jin kunyar shiga ko'ina.

Mataki na biyu: ki san ƙofar da kowace jaka take fitowa

Nan ne sani kaɗan yake hana asara babba. Louis Vuitton ba ya ba kowa dillanci. A shagunansa da shafinsa kawai yake sayar da sababbin kaya, ba ya yin rangwamen ƙarshen shekara, ba shi da shagon rage kaya. Chanel ba ya sayar da jakunkunansa a intanet; turare, kayan kwalliya da tabarau za ki samu a shafinsa. Hermès yana sayar da wasu kaya a shafinsa, amma ban da Birkin da Kelly. Saboda haka duk shafin da ya ce shi wakilin Louis Vuitton ne, ko yana da Birkin sababbi kala-kala sai wadda kika zaɓa, ko kayansa "rarar masana'anta" ne, ya riga ya gaya miki ƙarya tun a bakin ƙofa.

Gucci, Prada, Saint Laurent, Bottega Veneta da ire-irensu sun ɗan fi sassauci. Ban da shafukansu, ana samun wasu kayansu sababbi a manyan shagunan intanet irin su Mytheresa, Net-a-Porter da Farfetch. Coach da Michael Kors suna da shagunan rangwame na gaskiya, sai dai yawancin abin da ke ciki an ɗinka shi ne musamman don can. Na asali ne, amma ba daidai yake da na babban shago ba, don haka kada a sayar miki da shi a farashin babban shago.

Sai ƙofar na hannu, wato jakunkunan da aka riga aka yi amfani da su, wadda ita ce mafi faɗi. Fashionphile, wanda ya fara a 1999, da The RealReal da Rebag a Amurka suke. Vestiaire Collective a Paris aka kafa shi a 2009. Japan tana da tsofaffin gidaje irin su Komehyo, kuma 'yan kasuwarta sun yi suna wajen bayyana aibin kaya dalla-dalla. Shi ma eBay tun 2021 yake da tsarin da jaka mai tsada take fara biyawa ta hannun masu tantancewa kafin ta isa ga mai saye, amma a wasu ƙasashe kawai tsarin yake aiki, kuma sai jakar da aka yi wa alamarsa. Ki lura da wani abu a Vestiaire: akwai zaɓin a aiko miki kai tsaye daga mai kaya, akwai na a bi da jakar ta wurin masu dubawarsu. Na farkon ya fi sauri da sauƙin kuɗi. Kada ki zaɓe shi.

Girman suna ba ya nufin kuskure ba ya faruwa. A watan Fabrairun 2024 wata kotu a New York ta yanke wa kamfanin sayar da na hannu What Goes Around Comes Around biyan Chanel dala miliyan 4 a shari'ar da ta haɗa da zargin sayar da jabu. Abin da babban kamfani ya fi mai shafi ɗaya da shi shi ne yana da adireshi, yana da ƙa'ida a rubuce, kuma ana iya kama shi da ita.

Mataki na uku: ki binciki mai sayarwa

Yawancinmu ba daga waɗancan kamfanoni muke saye ba. Daga wata Hajiya muke saye a Instagram ko WhatsApp, wadda take zuwa Dubai ko Turkiyya, ko take da 'yar'uwa a Ingila. A cikinsu akwai masu amana ƙwarai, waɗanda suka shekara goma ba a taɓa jin kansu da kowa ba. Akwai kuma waɗanda ba su da ko jaka ɗaya, hotunan mutane suke kwasa. Aikinki shi ne ki bambance.

Ki fara da tambaya ɗaya, kai tsaye, a rubuce: "Hajiya, wannan ta asali ce daga kamfanin, ko kwafi ce?" Mai gaskiya za ta amsa da kalma ɗaya. Idan aka fara kewaye-kewaye, ana cewa "babbar kwaliti ce", "ba a bambance ta da ta shago", ko kika ga an rubuta 1:1, AAA ko mirror, to jabu ce aka yi wa suna mai daɗi. Ba na ganin laifin wadda ta fito fili ta ce kwafi take sayarwa kamar yadda nake ganin na wadda ta ɓoye. Ta farkon ta bar miki zaɓi, ta biyun algus ta yi.

Daga nan ki duba shekarun shafin. Instagram yana nuna watan da aka buɗe asusu, ƙasar da yake, da sau nawa aka canja masa suna. Asusun da aka buɗe wata uku da suka wuce, ya canja suna sau biyar, ga mabiya dubu ɗari amma ba mai magana a ƙarƙashin hotuna, ko an ma rufe wurin maganar, wannan ba wurin ajiye miliyoyi ba ne. Mabiya sayensu ake yi. Hotunan godiyar kwastomomi ma haɗa su ake yi cikin minti biyar. Shaidar da take da nauyi ita ce ta mutumin da kika sani da kanki, wanda ya saya ya riƙe kayan a hannunsa.

Ki ɗauki hoton jakar ki saka a Google Lens, manhajar da take nemo inda hoto ya fito a intanet. Idan hoton nan ya fito a shafin wani kamfani a Amurka ko a shafuka goma daban-daban, ba nata ba ne. Sai ki nemi ta ɗauki sabon hoto, jakar tare da takarda da aka rubuta sunanki da kwanan watan ranar da hannu. Abin da ya fi wannan shi ne kiran bidiyo, ta juya miki jakar ciki da waje kina kallo. Gani ya kori ji. Wadda take da kaya a hannu ba ta jin haushin wannan roƙon.

In ta ce kamfani ne mai rajista, shafin hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni rajista a Najeriya, yana da wurin binciken suna kyauta. Ki duba, sannan ki tabbata sunan da zai fito a asusun banki lokacin tura kuɗi shi ne sunan kasuwancin ko na mai shi. "Tura ta asusun ƙanena, nawa yana da matsala" magana ce da ta cinye kuɗin mutane da yawa. Idan kuma shafin intanet ne, ki karanta adireshinsa harafi bayan harafi, domin masu damfara suna ƙara kalma ɗaya ko su sauya harafi ɗaya a sunan kamfani. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshi tana nuna an ɓoye bayanan da kike aikawa ne kawai. Shafin ɓarawo ma yana iya samunta.

Abu na ƙarshe a nan shi ne gaggawa. "Saura ɗaya, wata ma tana jira, in ba ki tura yanzu ba ta tafi." Ki bar ta ta tafi.

Mataki na huɗu: hotunan da za ki nema da abin da za ki duba

Ki nemi hotuna cikin hasken rana, ba tare da an yi musu kwalliyar waya ba: gaba, baya, gefe biyu, ƙasa, kusurwoyi huɗu, gindin hannuwa, shafin ciki, tambarin da aka buga a fata, zif gaba da bayansa, ƙarafa da rubutun da aka zana a kansu, sai lambar jaka idan tana da ita. Kusurwa da gindin hannu su ne suke fara tona shekarun jaka, shi ya sa mai son ɓoye aibi yake tsallake su.

Kowane kamfani da irin alamarsa, kuma alamomin suna canjawa da shekaru. Jakunkunan Louis Vuitton da aka yi daga 2007 zuwa farkon 2021 suna da haruffa biyu da lambobi huɗu a wani lungu na ciki. Haruffan na masana'anta ne, lamba ta farko da ta uku mako ne, ta biyu da ta huɗu shekara. Idan kika ga 2154, mako na 25 ke nan na 2014. Haruffan kuma dole su dace da ƙasar da aka buga a tambari: CA na Sifen ne, don haka in ya zo da tambarin Faransa akwai abin tambaya. Daga watan Maris na 2021 kamfanin ya daina buga wannan lamba, ya koma saka ɗan ƙaramin cif a ɓoye cikin jakar. Ashe jakar da aka ce an sayo ta sabuwa a bana amma ga lambar kwanan wata a ciki, labarinta bai haɗu ba. Kada kuma ganin "Amurka" ko "Sifen" a tambari ya tsorata ki, domin Louis Vuitton yana ɗinki a Faransa, Sifen, Italiya da Amurka.

Chanel ya daɗe yana liƙa 'yar takarda mai lamba a cikin jaka tare da baƙin kati mai ɗauke da lambar iri ɗaya. A 2021 shi ma ya koma ɗan faranti na ƙarfe a cikin jakar, ya daina ba da katin. Gucci yana da ɗan harshen fata a ciki, a bayansa akwai layi biyu na lambobi. Na saman lambar samfuri ce, kuma idan kika bincika ta a intanet ya kamata irin jakar ta fito, ba wata daban ba. Hermès kuwa da hannu ake ɗinka Birkin da Kelly, da allura biyu da zare mai kakin zuma, shi ya sa ɗinkin yake ɗan karkace ba miƙe sak irin na keke ba. Hermès ba ya ba da katin shaida, Louis Vuitton ma haka. Katin roba mai ruwan lemo da ake nuna miki a matsayin shaidar Hermès, shi kansa shaidar jabu ne.

Yanzu ga gaskiyar da masu koyar da gane jabu ba su cika faɗa ba. Duk alamomin nan suna taimaka miki ki kori jabu mai arha ne kawai. Ba sa tabbatar da ta asali. Masu kwafi na zamani suna sayen jakar gaske su farke ta, su kwaikwayi lamba, ɗinki, har cif ɗin da waya take ji. Kwali, leda, ƙyallen da ake saka jaka a ciki da rasit duk ana sayar da su daban. Kuma ana iya haɗa rasit na gaske da jakar ƙarya. Don haka kada rasit ya sa ki saki jiki.

Idan ta hannu ce, ki karanta bayanin yanayinta a tsanake. 'Yan Japan suna amfani da haruffa: N sabuwa, S kamar sabuwa, A ɗan amfani kaɗan, sai AB, B da C da aibi yake ƙaruwa. Ki tambayi abin da hoto ba ya nunawa: warin taba ko na funfuna, shafin ciki da yake danƙo ko yake ɓarewa, da ko an taɓa sake mata fenti ko canja zif. Gyaran da ba kamfanin ne ya yi ba yana karya darajar jaka sosai.

Mataki na biyar: ki sa wani ya duba

A kan jakar miliyoyi, kuɗin tantancewa ba asara ba ne. Akwai masu wannan sana'a da ake aika wa hotuna su ba da sakamako a rubuce, akwai kuma Entrupy, kamfanin New York da yake amfani da na'ura mai ƙara girman hoto tana duba ƙwayar fata da zare, sannan ya ba da takardar shaida mai lamba. In mai kaya ta nuna miki irin wannan takarda, ki shiga shafin Entrupy da kanki ki duba lambar, ki kuma gwada hotunan da ke jikinta da jakar da ake sayar miki. Mai tantancewar ke za ki zaɓe shi, ba mai kaya ba. Kada ki dogara da cewa za ki kai ta shagon kamfanin a Dubai su duba miki. Ma'aikatansu ba sa ba da shaida a kan abin da aka sayo a wani wuri.

Mataki na shida: sharaɗi a rubuce

A mazhabar Malikiyya ya halatta a sayi abin da ba ya gaban mutum bisa siffantawa, kuma idan ya zo ya saɓa wa siffar, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Wannan shi ne ainihin abin da za ki nema, kuma ba rashin kunya ba ne ki nema. Ki sa ta rubuta miki cewa jakar ta asali ce, ga yanayinta, kuma idan mai tantancewa ya ce jabu ce za ta mayar da kuɗi gaba ɗaya cikin kwana kaza. Ki ajiye hoton wannan hirar da na tallan, domin ana goge su. Wadda ta ce "kayana ba a dawo da su ko da mene ne", ta gaya miki matsayinki tun kafin ki biya.

A kamfanoni, ki karanta ƙa'idar mayarwa: kwana nawa, daga yaushe ake ƙirgawa, wa zai biya kuɗin aikawa, kuma kuɗi ake mayarwa ko takardar sayen wani abu. A Tarayyar Turai da Ingila doka ta ba wanda ya saya daga nesa kwana 14 ya fasa, amma idan daga kamfani ya saya. Cinikin mutum da mutum bai shiga ciki ba, ko da a babban shafi aka yi shi.

Mataki na bakwai: lissafi da biya

Farashin da kika gani a allo ba shi ne abin da za ki kashe ba. Ki ɗora kuɗin jigila, inshora, kuɗin tantancewa, harajin kwastan, harajin VAT wanda yake kashi 7.5 a Najeriya, da ribar da banki yake ci a canji. 'Yan Nijar sun huta da rabin wannan lissafi idan da yuro za su biya, tunda an ɗaure sefa a kan 655.957 kowace yuro ɗaya. A Najeriya bankuna da dama sun dakatar da sayayyar waje da katin naira a 2022, wasu suka sake buɗewa a 2025 da iyakar da ba lallai ta kai kuɗin jaka ba. Ki tambayi bankinki tukuna, ko ki yi amfani da katin asusun dala.

Hanyar biya ita ce igiyar da take hannunki. Idan da kati kika biya a shafin kamfani, kina da damar shigar da ƙorafi ta bankinki a janyo kuɗin in kaya bai zo ba ko ya zo jabu, kuma wa'adin galibi bai wuce kwana 120 ba. PayPal ma yana kare mai saye, amma ban da kuɗin da aka tura ta zaɓin 'yan'uwa da abokai, wanda shi ne masu damfara suke roƙon a bi. Tiransifa kai tsaye, Western Union, kuɗin kirifto da katin kyauta, duk da wuya su dawo in sun tafi. Haka nan idan kika haɗu da mai kaya a babban shafi ta ce ku koma WhatsApp za ta rage miki, rangwamen nan kariyarki ce kike sayarwa.

Da mai sayarwa ta gida, inda tiransifa ce kusan hanya ɗaya, ki rage haɗarin. In gari ɗaya kuke, a haɗu a shagonta ko a wurin jama'a, ki duba sannan ki biya. In nesa ne, ki tura wanda kika yarda da shi, ko a ajiye kuɗin hannun wani amintacce da ku biyun kuka sani har kaya ya iso. In sayowa za ta yi, ki ba da kafin alƙalami, cikon sai ta nuna jakar da rasit a kiran bidiyo daga shagon.

Mataki na takwas: jigila da kwastan

Ki zaɓi kamfanin da yake ba da lambar bin sawu, yake neman sa hannu kafin ya miƙa kaya, irin su DHL, FedEx ko UPS, da inshorar cikakken kuɗin jakar. Za a ba ki shawarar a rubuta ƙaramin farashi a takarda don a rage haraji. Ban da kasancewarsa saɓa doka, idan kunshin ya ɓata, abin da aka rubuta shi inshora za ta biya.

Jakunkuna sun daɗe a jerin kayan da Najeriya ta hana shigo da su don kasuwanci, saboda haka ki tambayi kamfanin jigilar yadda ake bi da guda ɗaya ta amfanin kai, da abin da za a caje ki, kafin a ɗauko. Ki tambayi shagon ma ko harajin yana cikin abin da kika biya ko sai kaya ya sauka. Jakar fatar kada ko ta mesa tana buƙatar takardar izini ta CITES, yarjejeniyar duniya mai kare namun daji, kafin ta ƙetare iyaka. In babu, ana iya ƙwace ta.

Shafuka da yawa ba sa aikowa Najeriya ko Nijar, sai mutum ya yi amfani da adireshin ɗan'uwa ko na kamfanin tura kaya a Amurka ko Ingila. A wurin mai sayarwa, ranar da kunshin ya isa wancan adireshin kaya ya isa hannunki, kuma daga ranar kwanakin mayarwa suke fara tafiya. Don haka a buɗe a can, a ɗauki hotuna, a tantance, kafin a ɗoro ta jirgi.

Mataki na tara: ranar da ta iso

Ki sa wani ya riƙe waya ya ɗauki bidiyo tun kunshin yana rufe, a nuna takardar da ke jikinsa, a buɗe ba tare da an yanke ɗaukar ba. Kada ki cire alamar da kamfani ya ɗaura wa jakar, domin cire ta yana soke damar mayarwa. Ki auna ta, ki gwada ta da hotunan da aka aiko miki, ki ja zif, ki shinshina cikinta. Warin gam ko na roba mai hawa kai alama ce mara kyau. Sannan ki aika sababbin hotuna ga mai tantancewa a ranar, ko da an duba kafin saye, saboda ana nuna wata a aiko wata.

Idan ta fito jabu, ki rubuta wa mai kaya cikin natsuwa, ki haɗa da sakamakon tantancewa da alkawarin da ta rubuta, ki ba ta wa'adi. Ki shigar da ƙorafi a shafin da kika saya da kuma bankinki a lokaci guda, kada ki jira alkawuran "gobe". In tiransifa kika yi a Najeriya, ki sanar da bankinki nan take, ki kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, kuma hukumar kare masu saye ta FCCPC tana karɓar ƙorafi. Kada ki mayar da jakar sai ta hanyar da take da lambar bin sawu.

Idan kuwa ta fito ta asali, ki adana rasit, takardar tantancewa, ta kwastan da hotunan ranar farko wuri ɗaya, domin su za su tsayar miki da farashi ranar da za ki sayar. Ki cusa mata farar takarda mara rubutu don kada ta lotse, ki saka ta cikin ƙyallenta ba cikin leda ba. Ki riƙa fito da ita tana shan iska a inuwa lokacin damina saboda funfuna, kada ki bar ta a mota cikin zafin bazara, kuma ki bari humra, turare da lalle su bushe a hannunki kafin ki ɗauke ta, musamman mai farar fata irin ta Louis Vuitton, wadda tabon mai da na ruwa ba sa fita daga jikinta.